Darasi a Faifai, Darasi a Haya: Nazarin Koke-koken Masu Sayen Bidiyon Koyarwa

A shekarar 2002 kamfanin Lynda.com, wanda Lynda Weinman da mijinta Bruce Heavin suka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fara ɗora darussansa na sarrafa kwamfuta a intanet, duk mai son kallo ya biya dala 25 a wata. Kafin nan da littattafai aka san su, da azuzuwan da ɗalibai ke zuwa da ƙafarsu, da kuma bidiyon koyarwa da ake sayarwa a kaset da faifai. Mutum ya biya kuɗinsa sau ɗaya, a aiko masa da darasinsa cikin kwali, ya sami wuri ya adana. A 2015 LinkedIn ya saye kamfanin a kan dala biliyan 1.5, a shekarar da ta biyo baya kuma Microsoft ya haɗiye shi kansa LinkedIn ɗin a kan dala biliyan 26.2. Waɗannan alƙaluma su ne hujjar masu cewa kasuwa ta riga ta yanke hukunci: faifai ya mutu, masu ƙorafi kuwa mutane ne da sabo ya hana su sakin abin da zamani ya wuce.

Ina ganin an yi gaggawar rufe wannan shari'a. Cinikin da kamfani ya yi yana nuna cewa tsarin biyan wata-wata ya karɓi mai sayarwa, amma bai nuna cewa mai saye ya fita ba asara ba. Abin da maƙalar nan ke son tabbatarwa shi ne, masu sayen bidiyon koyarwa da suka yi ta kuka lokacin da kamfanoni suka shiga janye faya-fayansu sun gane wani abu tun kafin lauyoyi da 'yan majalisa su gane shi. Sun gane an sauya musu matsayi daga masu abu zuwa 'yan haya, kuma wannan sauyi ya fi ciwo a fagen koyo fiye da fagen nishaɗi.

Sauyin bai tsaya ga darussan kwamfuta ba. Beachbody, wanda ya yi suna da faya-fayan motsa jiki na P90X, ya buɗe tsarin kallo ta intanet a 2015. Kamfanin The Teaching Company, da ya fara sayar da laccocin malaman jami'a tun 1990, shi ma ya bi sahu. Su kansu na'urorin sun taimaka wajen rufe ƙofa, domin tun daga MacBook Air ta 2008 masu ƙera kwamfutocin cinya suka fara cire ramin da ake zura faifai, har aka wayi gari mutum yana da faifan amma ba shi da abin kunna shi. Wannan batu yana da muhimmanci ga duk mai son auna ra'ayin masu saye, saboda ba za a ce mutum ya zaɓi sabuwar hanya ba alhali an toshe tsohuwar.

Idan aka tace koke-koken da aka riƙa ji, za a ga ba su da yawa, kuma kusan kalamai ɗaya ake maimaitawa. Na biya kuɗina, ina son abina a hannuna. Inda nake aiki intanet ba ya kaiwa. Darasi ɗaya nake so, me ya sa zan biya kuɗin dubu? In kuka rufe gobe fa? Kamfanoni sun saba amsa na biyu da na uku, su ce intanet yana ƙara bazuwa, farashin kuma bai kai na faifai ɗaya ba. Na farko da na ƙarshe ne ba a cika amsawa ba, kuma a nan ne ainihin maganar take.

Abin da faifai ke ba mai shi ba kirkin kamfani ne ya kawo shi ba, doka ce. A 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Bobbs-Merrill da Straus cewa mawallafi ba shi da ikon ƙayyade farashin da za a sake sayar da littafinsa bayan ya riga ya sayar da shi. Wannan ƙa'ida ta shiga sashe na 109 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976: wanda ya mallaki kwafi ta halastacciyar hanya yana iya sayar da shi, ya ba da aronsa, ya kyautar, ya bar wa magada. Da wannan ƙa'ida ɗakunan karatu ke rayuwa, da ita kasuwar tsofaffin littattafai ke ci. Da aka koma intanet sai ƙa'idar ta tsaya a bakin ƙofa. A shari'ar Capitol Records da ReDigi, kotu ta yanke a 2013, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 2018, cewa sake sayar da waƙar da aka saya ta intanet yana nufin yin sabon kwafi, don haka bai halasta ba. A Turai an ɗan buɗe ƙofa ga manhajoji a shari'ar UsedSoft ta 2012, amma aka rufe ta ga littattafan lantarki a shari'ar Tom Kabinet ta 2019. Malaman shari'a biyu, Aaron Perzanowski da Jason Schultz, sun yi littafi guda a kan wannan zaizayewar haƙƙi a 2016. Idan wanda ya sayi darasi ɗungurungum ta intanet bai mallake shi ba, to ina ga mai biyan wata-wata, wanda tun farko izinin leƙawa kawai aka sayar masa?

Za a iya cewa haka abin yake ga fina-finai da waƙoƙi, kuma jama'a sun haƙura. Amma darasi ba fim ba ne, kuma bambancin yana cikin yadda ake amfani da shi. A dubi mai koyon ɗinki da ta sayi darasin yanka da haɗa riga. Ranar farko ta kalle shi daga farko har ƙarshe, ta fahimci kusan rabi. Bayan wata huɗu aka kawo mata ɗinki, ta zo haɗa hannu da kafaɗa sai ga tattara a inda bai kamata ba. Ba darasin gaba ɗaya take nema ba a wannan lokaci. Minti uku take nema, daidai inda malamar ta kifa yadin, ta daidaita tsakiyar hannun da ɗinkin kafaɗa, ta soka fil, sannan ta nuna yadda ake raba ragowar yadin da yatsa kafin a sa shi ƙarƙashin allura. Za ta mayar da wurin baya sau biyar, ƙafarta a kan keke, almakashi a cinya. Shekara biyu bayan haka ƙanwarta za ta zo koyo, ta miƙa mata faifan. Fim ana kallonsa a wuce, darasi kuwa komawa ake yi gare shi, kuma ba wanda ya san ranar da buƙatar komawar za ta taso. A tsarin wata-wata wannan mata zaɓi biyu gare ta: ko ta yi ta biya watannin da ba ta buɗe komai ba don tsoron ranar buƙata, ko ta biya kuɗin wata cur saboda minti uku. Ƙanwar kuwa sai ta buɗe nata asusun.

Akwai binciken da ya haska dalilin da ya sa kamfanoni ke son zaɓi na farko. A 2006 masana tattalin arziki Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier sun wallafa nazarin da suka yi a kan masu rajista a wuraren motsa jiki a Amurka. Sun gano cewa masu biyan sama da dala 70 a wata a matsakaici sau huɗu da 'yan kai suke zuwa a wata, wato kowane zuwa yana cin su sama da dala 17, alhali akwai tikitin da za su riƙa shiga da shi a kan dala 10. Mutane suna kyautata wa kansu zato fiye da kima, kuma suna jinkirin soke rajista. Koyo ma haka yake, da niyya mai zafi ake fara shi. Saboda haka wani kaso na ribar tsarin wata-wata daga darussan da ba a kalla ba yake fitowa. Faifan da aka saya aka jefa a durowa shi ma asara ne, sai dai asarar sau ɗaya ce, kuma yana nan yana jiran ranar da niyyar za ta dawo.

Adalci ya wajabta a faɗi inda masu goyon bayan sabon tsari suke da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ba ƙarama ba ce. Faifan koyon Photoshop yana tsufa da zarar sabon zubin manhajar ya fito: maɓallan sun sauya wuri, abin da malami ke nunawa ba shi ne ɗalibi ke gani a gabansa ba. Tun da Adobe, kamfanin da ke yin ta, ya sanar a watan Mayun 2013 cewa ya daina sayar da manhajojinsa ɗungurungum, sai dai haya, manhajar ta koma sauyawa a kai a kai, kuma ba faifan da zai iya bin ta. Ga matashin da bai san fannin da zai kama ba, dala 25 da za ta buɗe masa ɗaruruwan darussa ta fi masa amfani a kan faifai guda mai tsada. Faifai kuma yana karcewa, yana karyewa, ana aronsa a ƙi dawo da shi. Wannan ya sa nake ganin kuskure ne a yi wa bidiyon koyarwa kuɗin goro. Akwai ilimin da ke ruɓewa cikin shekara biyu, akwai kuma wanda ba ya ruɓewa: ɗinki, saƙa, kafinta, walda, kiwon zuma, nahawu, lissafi. Na farko haya ta dace da shi. Na biyu kuwa, wanda ya nemi ya mallake shi bai nemi abin da ya wuce hankali ba. Laifin da nake ganin kamfanoni sun yi shi ne ɗaukar tsarin da ya dace da kashi na farko su ƙaƙaba wa na biyu, sannan su janye zaɓin saye gaba ɗaya.

To me ya sa, in dai koken yana da tushe, bai hana komai ba? Masanin tattalin arziki Albert Hirschman, a littafinsa na 1970, ya nuna cewa wanda bai gamsu da kamfani ba hanya biyu gare shi, ko ya fice ko ya ɗaga murya, kuma murya ba ta da kaifi sai in kamfanin yana tsoron ficewar. A 2011 Netflix ya raba hayar faifai da kallon intanet, kuɗin mai son duka biyun ya tashi da kashi 60 cikin 100, sannan ya ce zai mayar da sashen faifan wani kamfani dabam mai suna Qwikster. Cikin wata uku ya rasa masu rajista kusan 800,000 a Amurka, ya janye maganar Qwikster, bai kuma rufe aika faifai ba sai a watan Satumbar 2023. A nan ficewa ta yi aiki, don masu kallon fim suna da yawa kuma suna da wuraren zuwa. Masu amfani da Adobe kuwa dubun-dubatarsu suka sa hannu a takardar koke a 2013, kamfanin bai gusa ba, saboda ya san mai zanen da duk aikinsa ke cikin manhajarsa ba ya da inda zai nufa cikin sauƙi. Masu sayen bidiyon koyarwa sun fi kama da na biyun, har ma sun fi su rauni. A warwatse suke, 'yan dubbai a kowace sana'a, kuma sau da yawa malami ɗaya suke bi, wanda darussansa wuri ɗaya kawai ake samu. Ga kuma wani abu da tsarin ya ƙara: wanda ya yi fushi da mai sayar da faifai yana tafiya da faya-fayansa, wanda ya yi fushi da mai haya kuwa hannu rabbana zai fita. Don haka shirun da ya biyo bayan hayaniyar farko bai isa hujjar gamsuwa ba.

Tambayar nan ta "in kuka rufe gobe fa?" ta sami amsa a aikace a 2020. Craftsy, wani kamfani na birnin Denver da ke koyar da ɗinki da saƙa da girki, ya yi kasuwarsa ne da alƙawarin cewa darasin da ka saya naka ne har abada, ko da yake a rumbun kamfanin yake zaune. A 2017 NBCUniversal ya sayi mafi yawan hannun jarinsa, aka shigo da biyan wata-wata, aka sauya masa suna zuwa Bluprint. A watan Mayun 2020 aka sanar za a rufe shi. Mata da yawa da suka tara darussa na shekaru suka shiga neman yadda za su sauke abin da suka biya kafin a kashe fitila. Daga baya wani kamfani, TN Marketing, ya saye shi ya dawo da tsohon sunan, darussan kuma suka tsira. Amma sa'ar samun mai saye ce ta tsirar da su, ba wani haƙƙi da masu darussan ke riƙe da shi ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. Faifai bai san wanda ke kallonsa ba. A 2019 LinkedIn ya sanar cewa masu shiga darussan Lynda ta hanyar ɗakunan karatu na gwamnati sai sun buɗe shafi da sunansu a dandalinsa. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta yi tir da matakin, shugaban ɗakin karatun jihar Kalifoniya ya shawarci ɗakunan karatu su daina amfani da shi, wasu kuma suka soke kwangila. Hujjarsu ita ce abin da mutum ke karantawa sirrinsa ne. Ma'aikacin da ke koyon wata sana'a a ɓoye don yana shirin barin aiki ba zai so a rubuta hakan a dandalin da shugabansa ke leƙawa ba. Daga bisani kamfanin ya sauko, aka koma shiga da katin ɗakin karatu. Abin lura a nan shi ne, muryar da ta yi tasiri ta hukumomi ce masu sayen lasisi da yawa a dunƙule, ba ta ɗaiɗaikun ɗalibai ba.

Mafi yawan wannan a Amurka ya faru, amma darussan ba Amurkawa kaɗai ke saye ba, kuma nauyin haya yana ƙaruwa gwargwadon nisan mutum da inda rumbun yake. A watan Oktobar 2019 Adobe ya sanar zai rufe asusun duk masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar, sai da ya sami izini na musamman sannan ya fasa. Matashin da ke koyon zane ko rubuta manhaja a Kano ko Zariya ya san irin wannan ta wata fuskar. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar gaba ɗaya, ta yadda mai kuɗinsa a hannu ba ya iya sabunta rajista. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Rajistar dala 25 ta tashi ke nan daga naira 11,500 zuwa 37,500, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, ba a ma sa kuɗin data ba. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A duk waɗannan lokuta, wanda darasinsa ke cikin faifai ko katin memori bai daina karatu ba.

Ƙasar Hausa ma tana da nata tarihin da ke ƙarfafa wannan hujja. Karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, Allah Ya jiƙansa, wanda aka kashe a Kano a watan Afrilun 2007, ba su ɓata ba domin suna hannun dubban mutane. Daga kaset suka koma faifai, daga faifai suka koma waya. Har yau mutum na iya tsayawa a rumfar masu turi, inda yaro ke zaune gaban kwamfuta da tarin wayoyin caji a gefe, ya miƙa katin memorinsa ya ce a zuba masa tafsirin sura kaza, ya ƙirga 'yan canji ya tafi. Da a rumbun kamfani guda karatun yake, ana buɗe shi da kuɗin wata, da makomarsa ta rataya ga ribar wannan kamfani.

Sai dai wannan rumfa tana tuna mana da ɓangaren da masu koke ba sa son tattaunawa. Sauƙin kwafa da ya raya karatun malamai shi ne ya karya kasuwar faifan fina-finan Hausa, har masu shiryawa suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Masani Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008 yadda hanyoyin satar fasaha da na halastaccen ciniki suka cuɗanya a Kano tun zamanin kaset. Malamin da ya kashe watanni yana ɗaukar darasin gyaran waya, ya sayar da kwafi ashirin, ya tarar da shi a wayoyi dubu, yana da dalilin son ƙofar da zai iya kullewa. Ba na ganin za a warware wannan ta hanyar ɗora wa mai saye na gaskiya laifin ɓarawo. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a bar hanyoyin biyu a buɗe: haya mai sauƙi ga mai ɗanɗanawa, da saye mai ɗan tsada ga mai son ajiyewa, a ba shi bidiyon ya sauke, ko da za a buga sunansa da lambarsa a jikin hoton don a gane inda kwafi ya fito. Masu koyar da girki da ɗinki da haɗa turare ta WhatsApp da Telegram a garuruwanmu, waɗanda ke tura bidiyon ya zauna a wayar ɗaliba, sun fi kusa da wannan tsari fiye da manyan kamfanonin, kuma zai zama hasara in suka watsar da shi don kwaikwayo.

Doka ta fara motsawa, amma a hankali. A Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta maka Adobe a kotu bisa zargin ɓoye tarar da ake cin mai son soke rajistar shekara kafin wa'adi. A Satumbar 2024 kuma Kalifoniya ta yi dokar da ta hana a tallata kayan intanet da sunan sayarwa sai an bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa. Dokar ta tsame wanda ya ba mai saye damar sauke abin ya riƙe dindindin, ta kuma tsame tsarin biyan wata-wata gaba ɗaya. Gargaɗi ke nan take tilastawa, ba ta mayar wa kowa da kwafinsa ba. Babban giɓin da ya rage shi ne na adanawa. Littafin da aka buga a Amurka wajibi ne a kai kwafinsa ɗakin karatun majalisar dokoki, kamar yadda mawallafa a Najeriya ke kai nasu Ɗakin Karatu na Ƙasa, amma yawancin abin da a intanet kaɗai yake ba ya cikin wannan wajibci. Kamfanonin darussa suna sauke tsofaffin kwasa-kwasai duk lokacin da masu kallo suka ragu, ko kwangilarsu da malami ta ƙare. Ya kamata dokar ajiye kwafi ta haɗa da bidiyon koyarwa, ta yadda duk darasin da aka janye daga kasuwa zai koma hannun ɗakin karatu, inda ɗalibin da ya taɓa biyan kuɗinsa, da wanda bai taɓa ba, za su iya zuwa su nema.